Allura Ta Tono Garma: Boris Ɗin Kuloci, Makanikan Ƙasar Kazaure Da Matsayin Harshenmu

A cikin ɗimbin ƙarafan da aka harhaɗa aka yi mota, akwai wani ɗan zobe da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, wanda mai mota zai iya shekara goma yana tuƙi bai taɓa sa shi a ido ba. Makanikai suna kiransa rilis, wasu kuma su ce boris ɗin kuloci. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin injin ko na akwatin giya. Amma ranar da ya gaji, a galibin motoci masu giyar hannu, sai an raba injin da akwatin giya kafin hannu ya kai gare shi, aikin da kan cinye wa bakanike da yaransa wuni guda cur. Wannan shi ne allura ta tono garma. Ina so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa mu dubi wannan ɗan ƙarfe da kyau, domin a tattare da shi akwai maganar dukiya da rayuka, akwai kuma maganar harshe, wadda ita ce fagen da na fi wayo a ciki.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwanmu, tun da da yawa daga cikin ma'aikata da 'yan boko sun koma hawan motoci masu sauya giya da kansu. Amsar tana kan titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, da wanda ya bi ta Ɗambatta ya shiga Ɓaɓura har bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, da kuma hanyoyin da suka kutsa ƙauyukan Roni da Gwiwa. Motocin da ke ɗaukar iyayenmu zuwa asibiti, da 'ya'yanmu zuwa makaranta, da buhunan gero da wake da riɗi zuwa kasuwa, kusan dukkansu masu giyar hannu ne: Golf, da Sharan wadda direbobi ke kira Sharon, da ragowar Peugeot, da ƙananan motocin ɗaukar kaya. An ƙera Golf samfuri na uku ne tsakanin 1991 da 1997, ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara talatin. Ta gama wa'adinta a Turai, ta biyo jirgin ruwa, ta zo nan ta buɗe sabon shafi, ana yi mata lodin da wanda ya ƙera ta bai taɓa mafarkinsa ba. Lafiyar kulocin irin wannan mota ta shafi duk wanda ke da ɗan'uwa a waɗannan garuruwa.

Yadda abin yake aiki

Injin mota ba ya daina juyawa muddin yana kunne, alhali ita mota dole ta tsaya, ta tashi, ta sauya giya. Kuloci shi ne mai shiga tsakani. A bayan injin akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi. A jikinsa ake jingina faifan kuloci, mai fuska irin ta takalmin birki, wanda tsakiyarsa ke zaune a kan shaf ɗin da ya fito daga akwatin giya. Sai a kife su da murfi mai sifirin, wanda ke danne faifan kuloci a jikin faifan injin da ƙarfi, har su zama tamkar abu guda. A wannan hali ƙarfin injin yana wucewa zuwa giya, daga nan zuwa tayoyi.

Idan direba ya taka kuloci, so yake a sassauta wannan danniya. To amma murfin yana juyawa da gudun injin, wato sau 700 zuwa 900 a minti guda idan mota tana tsaye, sau dubu biyu ko uku idan tana tafiya, ita kuwa ƙafar direba da ƙarfen da take turawa ba sa juyawa. Yaya abin da ke tsaye zai tura abin da ke gudu ba tare da sun ci juna ba? Nan ne aikin rilis. Bayansa yana jikin cokalin da ke turo shi, gabansa kuma yana juyawa a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke cikin giris, ya danna yatsun sifirin ɗin murfi, faifai ya saku, giya ta shiga lami lafiya. Duk taka kuloci ɗaya, wannan ɗan zobe ne ke ɗaukar nauyin.

Daga nan za a gane abin da ke kashe shi. Na farko, ɗabi'ar ɗora ƙafa a kan kuloci alhali ana tafiya, wadda ke sa shi aikin da babu wanda ya aike shi. Na biyu, tsayawa a mahaɗar hanya ko a layin shingen jami'an tsaro da giya a ciki, ƙafa a ƙasa, maimakon a fitar da giya a saki kuloci. Na uku, riƙe mota a hawa da rabin kuloci a maimakon birkin hannu, abin da direbobin ƙasa mai tuddai da duwatsu irin Kazaure da Roni suka sani sarai. Na huɗu, a tsofaffin motocin da ake saita wayar kulocinsu da hannu, idan aka ɗaure ta tamau babu ɗan sarari, rilis ba zai sami hutu ba. Sai kuma ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ruwan kwazazzabai na damina, waɗanda ke haɗuwa su busar da giris ko su gurɓata shi.

Kunne kafin sufana

Abin da ya fi burge manazarcin harshe a garejin bakin hanya shi ne yadda ake gano ciwo da kunne, ake kuma bayyana shi da baki. Hausa tana da arzikin kalmomin amsa-kama, waɗanda ke kwaikwayon sauti ko motsi, kuma a gareji sun zama kayan aiki kamar sufana da jak. Direba zai ce, "Oga, in na taka sai in ji ƙiii, in na saki sai ta yi tsit." Ƙwararren bakanike bai buɗe komai ba ya riga ya san inda aka dosa, domin ƙarar da ke zuwa da taka kuloci, ta tafi da sakinsa, alama ce ta rilis. Idan kuwa aka ce motar tana gurnani tana tsaye ba giya, amma da an taka kuloci sai ta yi shiru, to zargi ya koma kan boris ɗin shaf na cikin akwatin giya. Idan aka ce an ba ta wuta injin yana kuka amma ba ta ja, ga kuma ƙauri, wannan faifan kuloci ne ya cinye. Idan giya tana ƙarat-ƙarat kafin ta shiga, kuloci ne ba ya saki sosai.

Wannan ilimi ne na gaske, mai ƙa'ida, wanda ya yi daidai da abin da ke cikin littattafan kamfanonin ƙera motoci. Bambancin kawai shi ne nasu a rubuce yake, namu kuwa a ka yake, yana wucewa daga maigida zuwa yaro a ƙarƙashin inuwar darbejiya, kuma duk ranar da wani tsohon bakanike ya kwanta dama, wani sashe nasa ya tafi ke nan.

Ga misali guda na irin abin da rashin rubutu ke jawowa. Yawancin ƙananan Golf na farko zuwa na uku suna da wani tsari na daban: rilis ɗinsu yana can ƙarshen akwatin giya ta waje, a ƙarƙashin wani ɗan murfi kore, yana tura siririn ƙarfe da ya ratsa ta cikin shaf. A irin wannan mota ana iya canza shi ba tare da an sauke akwatin giya ba. Bakaniken da ya ƙware a Golf ya san haka. Wanda ya tashi a kan wasu motoci kuma bai tambaya ba, yana iya sa mai mota asarar wuni da kuɗin aikin da babu buƙatarsa. A ɗaya ɓangaren kuma, motoci da yawa na baya-bayan nan an haɗe rilis ɗinsu da famfon man kuloci wuri guda a cikin ƙoƙon giya, ta yadda in ɗaya ya lalace sai an canza duka, in kuma ya yi yoyo man zai jiƙa faifai.

Aikin kansa

A motar da ta bi tsarin da aka saba, aikin yana da matakai da ba a tsallake su. Za a cire kan batir, a ɗaga mota a ɗora ta a kan matokara masu ƙarfi. A nan ma akwai abin faɗi, domin sau da yawa yaro ne ɗan shekara goma sha biyar ke kwance a ƙasa, motar kuma tana kan jak ɗaya da bulo biyu. Za a tsiyaye man giya, a zare shaf-shaf ɗin tayoyin gaba, ko dogon shaf na ƙasa idan motar da baya take ja, a cire sitata da ƙarafan sauya giya, a tallafe injin, sannan a kwance notocin da suka haɗa shi da akwatin giya. Wajibi ne a janye akwatin a miƙe, kada a bar nauyinsa ya rataya a kan shaf, domin hakan na lanƙwasa tsakiyar faifai.

Da an buɗe, bakanike na ƙwarai ba ya tsayawa a kan rilis kaɗai. Zai dubi cokali ko ya tsage, da bututun da rilis ke zamewa a kai ko ya yi zane, da yatsun sifirin ko sun cinye, da kaurin faifai, da fuskar faifan injin ko ta ƙone, da kuma robar da ke tare baƙin mai a bayan injin ko tana zuba. Ba a hure ƙurar da ke ciki da iska, domin ƙurar tsofaffin faifai tana iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu. Wajen mayarwa, giris kaɗan ake shafa wa haƙoran shaf, in ya yi yawa zai fantsama a kan faifai ya sa shi santsi. Dole a saita faifai a tsakiya daidai, abin da makanikanmu kan yi da tsohon shaf da suka ajiye don haka, a kuma ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, don kada ya karkace. Daga ƙarshe a fitar da iska daga man kuloci ko a saita waya, a zuba man giya, a gwada.

A nan ne ake yin ciniki mai wuya tsakanin aljihu da hankali. Shawarar masu ƙera kuloci ita ce, tun da an riga an sha wahalar sauke akwatin giya, a canza rilis da faifai da murfi gaba ɗaya, domin tare suka tsufa. Shi kuwa direban haya da ke da balas a wuyansa, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, lissafin yau kawai yake iya yi. Sai a ɗauko ɗan Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure, ko a sayi sabo mai araha wanda kwalinsa ya fi cikinsa kyau. Mafi muni shi ne a wanke tsohon da fetur a cusa masa giris a mayar, alhali a rufe aka yi shi, ba a yi shi don a buɗe ba. Zai yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kama, ya cinye yatsun murfi, wata rana a tsakiyar hanyar Gwiwa da almuru, da mata da yara a ciki, giya ta ƙi shiga. Araha dai ba ta ado, kuma wanda ya biya kuɗin aiki sau biyu bai yi tsimi ba.

Ina harshe ya shigo?

Duk wanda ya saurari hirar gareji zai ga yadda Hausa ta karɓi mota hannu bibbiyu, ta kuma yi wa kayanta wankan tsarki. Harshen ba ya son baƙaƙe biyu su yi karo a farkon kalma, yana kuma son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa muka sami kuloci da birki da fulogi. Ba shi da sautin "p" mai zaman kansa, don haka aka sami sufana da sifirin da filet. Haka salansa da sitiyari da totur da kafireto da lagireto suka zama 'yan gida, har ana yi musu jam'i da nasaba kamar kowace kalma ta gado. Masana sun daɗe da lura da wannan. Ƙamusun Bargery na 1934 ya riga ya ƙunshi kalmomin aro daga Ingilishi, Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta yi aikin tattara su, Bello Ahmad Salim ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan yadda suke narkewa a tsarin sautin Hausa a Jami'ar York a 1981, sannan Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006.

Sai dai dukkan wannan aiki ya tsaya ne a bakin ƙofar gareji. Kalmomin da mai mota ke gani da ido sun shiga ƙamus, amma na cikin ciki, inda kuɗi ke tafiya, babu wanda ya daidaita su. Kalmar filet kaɗai ta isa misali: wani faifan yake nufi, wani kuma murfin. A aiki yaro Kano da sunan abu a baki, ya dawo da wani abin daban, an yi asarar kuɗin mota da wuni. A Ɓaɓura lamarin ya ƙara sarƙewa, domin bakaniken da ya koyi aiki a Magarya ko Damagaram da sunayen Faransanci ya san kayan, ɗan'uwansa na wannan gefe kuma da na Ingilishi, alhali dukkansu Hausa suke yi, motar kuma guda ce. Ga mai mota ɗan boko kuwa, wanda ya iya Ingilishi amma bai san cikin mota ba, da bakanike wanda ya san cikin mota amma ba ya karanta Ingilishi, abin da ke shiga tsakaninsu shi ne zargi. Wannan yana ganin ana cutarsa, wancan yana ganin an raina shi.

Akwai masu cewa mafita ita ce yaran gareji su koyi Ingilishi, tun da da shi aka rubuta littattafan gyara, da shi kuma na'urar binciken motocin zamani ke magana. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma a watan Nuwamban 2025 Gwamnatin Tarayya ta jingine manufar koyarwa da harshen uwa da ta amince da ita a 2022, ta koma ga Ingilishi. Babu mai hankalin da zai hana yaro koyon Ingilishi. Amma yaron da ke kwance a ƙarƙashin Golf a Roni yau ba zai jira sai ya ci jarrabawar Ingilishi kafin ya san cewa ba a wanke rilis da fetur ba. Bajamushen da ya ƙera motar da Jamusanci ya koyi sana'arsa, Bafaranshen da ya tsara Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 da Faransanci ya koya. Shekara hamsin ke nan muna kwance waɗannan motoci muna ɗaurawa da Hausa, abin da ya rage kawai shi ne mu rubuta.

Ina kuma jan kunnen 'yan'uwana masana harshe game da zumuɗin ƙirƙira. Mun ga yadda aka yi ta fama da "na'ura mai ƙwaƙwalwa" amma jama'a suka zaɓi kwamfuta. Babu amfanin a zauna a ofis a ƙago wa kuloci sabon suna. Aikinmu shi ne mu je gareji da na'urar ɗaukar magana, mu ji abin da ake faɗi, mu zaɓi mafi yaɗuwa, mu daidaita rubutunsa, mu raba gardama inda kalma ɗaya ke ɗauke da ma'ana biyu. Ƙirƙira sai inda babu kalma sam.

Wa zai ɗaura wa mage ƙararrawa?

Abin farin ciki, wannan yanki bai rasa cibiyoyin da za su iya ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, a Ɓaɓura kuma akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Yankuna kaɗan ne a Arewa suke da irin wannan gata a tazarar da ba ta kai tafiyar awa biyu ba. Abin tambaya shi ne, mene ne alaƙar waɗannan makarantu da garejin da ke bayan katangarsu? A Kaduna an ga yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta can ta jawo masu sana'a na kasuwar Panteka, aka auna ƙwarewarsu a ƙarƙashin tsarin shaidar sana'a na Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa. Abin da ya yiwu a Panteka zai yiwu a Kazaure.

Shawarata guda uku ce. Ta farko, malaman injiniya na waɗannan makarantu su haɗa kai da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da ƙungiyar makanikai, a fitar da ɗan littafi mai hotuna na kayan mota, kowane ƙarfe da sunansa na Hausa da na Ingilishi da na Faransanci, a fara da kuloci da birki, tun da su ne suka fi kusa da rai. A naɗe shi kuma a murya, domin wanda ba ya karatu yana da waya a aljihu. Ta biyu, shugabannin tasha da jami'an kiyaye haɗurra su sa tarbiyyar ƙafa cikin abin da ake koya wa sabon direba, domin ɗauke ƙafa daga kuloci ba ya cin ko kwabo, amma yana ƙara wa rilis shekaru. Ta uku ta shafe mu ne, mu masu motoci. Idan bakanike ya ce a canza abu uku alhali ɗaya ne ke ƙara, kada mu yi saurin cewa ɓarawo ne. Mu nemi ya nuna mana tsohon, ya bayyana mana dalili, mu kuma biya shi ladan iliminsa tare da ladan guminsa. Wanda aka saba tambayarsa dalili, dole ya riƙa neman dalili.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bakanike yana da sani, injiniya yana da ƙa'ida, manazarcin harshe yana da alƙalami, kuma dukkansu suna zaune a gari ɗaya, suna sallah a masallaci ɗaya, amma ba su taɓa zama a kan tabarma ɗaya don wannan magana ba. Ranar da suka zauna, direban Gwiwa zai rage asara, yaron gareji zai sami abin dubawa, Hausa kuma za ta nuna cewa tana iya ɗaukar ilimin ƙarfe kamar yadda ta ɗauki na fiƙihu da na waƙa tun ƙarnoni da suka wuce. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma sa mu dace.